Rawar Mata a Matsayin Taskar Tarihi: Nazarin Yaƙin Mata na 1929 a Kudu Maso Gabashin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A watannin Nuwamba da Disamba na shekarar 1929, dubban mata a lardunan Owerri da Kalaba suka fito suka tsayar da harkokin mulkin Turawa cik a wani yanki da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in mil 6,000. Matan ba su ɗauki bindiga ba. Abin da suka fito da shi shi ne waƙa da rawa da taɓarya da ɗanyen ganye. Kafin ƙura ta lafa, mata fiye da 50 sun rasa rayukansu sakamakon buɗe wuta da aka yi musu, alhali kuwa ba a kashe Bature ko soja ko guda ɗaya ba.

Wannan al'amari yana da suna fiye da ɗaya. Rubuce-rubucen Turawan mulki, da littattafan makaranta da suka biyo sawunsu, sun kira shi "Aba Riots", wato tarzomar Aba. Su kuwa mutanen da abin ya faru a cikinsu, da harshen Igbo sun ce Ogu Umunwanyi, da harshen Ibibio kuma Ekong Iban. Duka biyun suna nufin yaƙin mata.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa saɓanin waɗannan sunaye ya samo asali ne daga saɓanin fahimtar rawar da matan suka taka. Abin da jami'an mulki suka ɗauka hauka ne da hayaniya, a wurin matan wata tsararriyar hanya ce ta yanke hukunci, mai ƙa'idoji da matakai da kowa ya sani. Za a dubi tushen wannan rawa, da sigoginta a 1929, da yadda tarihin hukuma ya fassara ta, sannan da hanyoyin da al'umma ta bi ta adana nata labarin. Daga ƙarshe za a taɓo aikin da wannan ya ɗora wa manazarta harsunan Nijeriya.

2.0 Fashin Baƙin Muhimman Kalmomi

Akwai kalmomi uku da ya kamata a fayyace tun da farko. Ta farko ita ce wasan rawa. A wannan nazari ana nufin aiwatarwar da ta haɗa waƙa da rawa da shiga ta musamman da kwaikwayo, wadda ake yi a gaban jama'a domin isar da saƙo. Hausa tana da kalmomi daban-daban ga waɗannan abubuwa, wato waƙa da kiɗa da rawa da wasa. A harshen Igbo kuwa kalma ɗaya ce, egwu, take ɗauke da dukkansu. Ke nan a wurin mai magana da harshen, kalmomin waƙa da motsin jiki ɓangarori ne na abu guda, kuma wanda ya rubuta ɗaya ya bar ɗaya rabin magana ya ɗauka.

Ta biyu ita ce tunanin al'umma, wato abin da jama'a suka haɗu suka riƙe game da abin da ya same su a baya. Halbwachs (1925) ya nuna cewa mutum ba ya tuna abu shi kaɗai, rukunin da yake ciki ne yake ba shi ma'aunin abin da ya cancanci tunawa. Connerton (1989) ya ƙara da cewa wani babban kaso na wannan tunani a jiki ake adana shi, ta hanyar bukukuwa da ayyukan da ake maimaitawa har su zama jiki.

Ta uku ita ce tarihin hukuma, wato labarin da masu mulki suka rubuta, suka ajiye a gidajen adana takardu, aka kuma koyar da shi a makarantu. Ba lallai ne ya zama ƙarya ba. Illarsa ita ce daga kujerar mai mulki ake hango komai, kuma da harshensa ake faɗarsa.

3.0 Tushen Rawar a Al'adar Igbo da Ibibio

Kafin zuwan Turawa, mafi yawan garuruwan Igbo ba su da sarki ɗaya mai faɗa a ji. Taron gari ne da dattawan zuri'a da ƙungiyoyin tsara suke yanke shawara. Mata kuma suna da nasu majalisu. Akwai umuada, wato 'ya'ya mata na zuri'a ɗaya waɗanda aure ya warwatsa su a garuruwa, amma suke dawowa gida domin jana'iza da sasanta rigima. Akwai kuma taron matan aure na gari, wanda a zamanin Turawa aka riƙa kira mikiri. Wannan kalma ararriya ce daga kalmar Ingilishi mai nufin taro, amma al'adar ta girmi sunan nesa ba kusa ba. A irin wannan taro ne mata suke tsara dokokin kasuwa, su kuma saurari ƙorafin junansu. Ƙarfinsu ya dogara ne a kan tattalin arziki, domin doya ta maza ce, amma gwaza da rogo da kayan miya da ƙwarar kwakwar manja da ƙananan kasuwanni duk a hannun mata suke.

Idan namiji ya ci zarafin matarsa, ko ya karya dokar kasuwa, ko ya bar dabbobinsa suka yi ɓarna a gonakin mata, majalisar takan fara da jan kunne. In ya yi kunnen ƙashi, sai a ɗauki matakin da Van Allen (1972) ta yi bayaninsa da sunan zama a kan namiji, wanda kuma matan suke kira yi masa yaƙi. Mata sukan taru a ƙofar gidansa, wani lokaci da tsakar dare. Sai su kafa rawa, suna rera waƙoƙin da suke zayyana laifinsa dalla-dalla, suna kushe mazantakarsa, suna dukan bangon ɗakinsa da taɓare. Idan laifin ya yi tsanani sukan yaɓe ɗakin da taɓo ko su rushe shi. Ba za su watse ba sai ya amsa laifinsa ya yi alkawarin gyarawa. Sauran maza ba kasafai suke sa baki ba, domin an yarda cewa shi ya jawo wa kansa.

Manazarcin adabin Hausa zai ga kamannin zambo a waɗannan waƙoƙi, amma akwai bambanci. Zambon maroƙi ko makaɗi sana'a ce ta mutum ɗaya, kuma sau da yawa rowa ko adawar sarauta ke jawo shi. Wannan kuwa hukunci ne da majalisa ta yanke, waƙar ita ce karanta tuhuma, rawar kuma ita ce zartarwa. A ƙasar Ibibio ma akwai makamancin wannan a ƙungiyoyin mata irin su Ebre da Iban Isong, waɗanda suke hukunta wanda ya wulaƙanta mace ta hanyar waƙa da tozartawa a bainar jama'a.

Mulkin Turawa bai san da zaman waɗannan majalisu ba. Tun daga shekarun 1890 Turawa suka riƙa zaɓen wasu mutane suna ba su takardar waranti da hula, suna zaunar da su a kotunan da suka kafa. Waɗannan su ne sarakunan waranti da Afigbo (1972) ya yi nazari a kansu. Bayan haɗe Arewa da Kudu a 1914, gwamnatin Lugga ta yi ƙoƙarin daidaita tsarin da abin da ta tarar a masarautun Arewa, inda sarki da alƙali da baitulmali da haraji suka daɗe da kafuwa. A Gabas babu wannan tushe. Sakamakon haka sai aka sami mutum ɗaya riƙe da ikon da al'ada ba ta taɓa ba kowa ba, kuma kusan dukkan kujerun kotu na maza ne.

4.0 Nwaobiala: Rawar 1925

Shekara huɗu kafin yaƙin mata, an yi wani yunƙuri da ya nuna yadda rawa take ɗaukar saƙo daga gari zuwa gari. A ƙarshen 1925 labari ya bazu daga yankin Okigwe cewa an yi wata haihuwa ta ban al'ajabi, wadda aka ɗauka saƙo ce daga Ubangiji. Sai ayarin mata suka riƙa shiga garuruwa, su share kasuwa ko harabar gidan sarki, su yi rawa, su rera saƙon, sannan su ɗora wa matan garin nauyin kai shi gaba. Ana kiran wannan rawa Nwaobiala.

Daga cikin buƙatun da waƙoƙin suka ƙunsa akwai a koma ga tsofaffin al'adu, a gyara tsofaffin hanyoyin da suka haɗa kasuwanni, a guji kuɗin Turawa, a sassauta sadaki, kuma maza su bar wa mata noman rogo. Jami'an mulki sun rubuta abin a matsayin yunƙurin mata masu rawa, suka ɗauke shi wata 'yar fitina ta masu ƙin ci gaba. Bastian (2001) ta nuna cewa sharar da matan suke yi alama ce ta tsarkake ƙasar da suke ganin ta ƙazantu, kuma buƙatun sun shafi wuraren da sabon tsari ya taɓa ikon mata. Abin lura a nan shi ne hanyar sadarwar. Ba da takarda aka yi ba, ba kuma da shugaba ɗaya ba. Waƙa ce aka koya aka koyar, ta bi hanyoyin kasuwa da na auratayya. Waɗannan hanyoyi su ne aka sake bi a 1929.

5.0 Yaƙin Mata na 1929

5.1 Musabbabi

A 1928 aka fara karɓar haraji daga maza a lardunan Gabas, bayan wata ƙidaya da aka yi ba tare da an fito an gaya wa jama'a manufarta ba. Daga nan ƙidaya da haraji suka zama abu ɗaya a zukatan mutane. A 1929 farashin manja da ƙwara ya faɗi, ga kuma tsadar kayan kanti. Ana cikin haka sai muƙaddashin Di'o na Bende, Kyaftin Cook, ya ba da umarnin a sake ƙidaya, a haɗa da mata da yara da dabbobi.

A garin Oloko, sarkin waranti Okugo ya tura wani malamin makaranta mai suna Mark Emeruwa ya yi aikin. A watan Nuwamba Emeruwa ya shiga wani gida ya tarar da wata mata mai suna Nwanyeruwa tana aikin manja, ya ce ta ƙirga masa mutanen gidan da awaki da tumaki. Ita kuma ta tambaye shi ko an taɓa ƙirga uwarsa. Magana ta kai ga cacar baki da shaƙe wuya. Nwanyeruwa ta ruga wurin matan garin ta ba su labari, su kuma suka aika wa maƙwabtan garuruwa da ganyen kwakwar manja, alamar neman agaji.

Matan da suka taru sun zauna a kan Okugo kamar yadda al'ada ta tanada. Mutanen gidansa suka far musu, suka ji wa wasu rauni. Daga nan matan suka ɗunguma zuwa ofishin Di'o a Bende, suka yi zaman dirshan har sai da aka ba su tabbaci a rubuce cewa ba za a sa wa mata haraji ba. An gurfanar da Okugo, aka ɗaure shi shekara biyu, aka kuma miƙa wa matan hularsa. Sunayen mata uku da suka jagoranci wannan mataki sun shiga tarihi, wato Ikonnia da Nwannedia da Nwugo, kuma an shaide su da hana tashin hankali. Labarin wannan nasara shi ya zaburar da matan sauran yankuna.

5.2 Sigogin Wasan

Idan aka dubi abin da matan suka yi da idon manazarcin wasan kwaikwayo, za a ga abubuwa biyar da suka maimaitu kusan a ko'ina.

(a) Gayyata. Ganyen kwakwa shi ne takardar kira. Garin da ya karɓa yakan fito, ya kuma aika da shi gaba.

(b) Shiga. Matan sukan ɗaura ɗan guntun zane, su shafa gawayi ko toka a fuska, su naɗa ɗanyen ganye a ka, su riƙe sanduna ko taɓare da aka ɗaure da tohon kwakwa. Wannan shiga tana sanar da cewa an fito yaƙi, sandunan kuma suna kiran ƙarfin iyaye mata da suka riga mu gidan gaskiya. Wadda ta yi wannan shiga ta daina zama wance matar wane, ta zama bakin dukkan mata.

(c) Waƙa. Jagora ce take bayarwa, taro yana amshi. Wannan tsari yana ba da damar a saka sunan sabon mai laifi da sabon laifi a cikin tsohon kari, shi ya sa waƙa ɗaya take iya aiki a garuruwa da yawa.

(d) Dandali. A da ƙofar gidan mai laifi ce dandali. A 1929 aka faɗaɗa shi ya haɗa da kotu da ofishin Di'o da kantunan kamfanonin Turawa. An rushe ko an ƙona kotuna kimanin goma, an lalata wasu, an kuma saki fursunoni a wasu wurare. Wanda ya san al'adar zai gane cewa rushe kotu daidai yake da rushe ɗakin namijin da ya ƙi jin gargaɗi.

(e) Rufewa. Wasan ba ya ƙarewa sai an karɓi hular sarkin waranti. Hular ita ce shaidar ikon da Bature ya bayar, karɓe ta kuma tuɓe shi ne a idon jama'a.

Waɗannan sigogi sun nuna cewa matan sun ɗauki gwamnatin mulkin mallaka tamkar wani namiji da ya ƙetare iyaka, suka yi mata hukuncin da suka saba yi. Sun kuma fito da yaƙinin cewa ba za a harbe su ba, domin a al'adarsu ba a ɗaga makami a kan matan da suke wannan aiki.

5.3 Zubar da Jini

Wannan yaƙini bai tabbata ba. Daga 14 zuwa 16 ga Disamba aka buɗe wa mata wuta a Abak da Utu Etim Ekpo da kuma Opobo, a wurin da ake kira Egwanga, wato Ikot Abasi ta Jihar Akwa Ibom a yanzu. A Opobo kaɗai mata fiye da 30 suka mutu, wasu da harsashi, wasu kuma sun faɗa kogi. Bayan haka aka ci garuruwa da dama tara ta bai ɗaya, aka kuma ƙona gidaje. Dukkan wuraren nan uku a Lardin Kalaba suke.

6.0 Yadda Tarihin Hukuma ya Fassara Rawar

Gwamnati ta kafa kwamitocin bincike biyu a 1930. Na farko ya zauna a watan Janairu, ya wanke jami'an da suka ba da umarnin harbi. Na biyu, a ƙarƙashin Babban Joji Donald Kingdon, ya ƙunshi lauyoyi 'yan Nijeriya biyu, Kitoyi Ajasa da Eric Moore, amma dukkan wakilansa maza ne. Ya saurari shaidu 485, daga cikinsu kimanin 103 ne kawai mata. Wajibi ne a yaba wa wannan kwamiti, domin ya amince cewa ƙorafin da aka yi a kan sarakunan waranti yana da tushe, ya soki wasu daga cikin harbe-harben, kuma kundin shaidunsa shi ne mafi girman abin da ake da shi a rubuce na muryoyin matan. Duk da haka, akwai asara iri biyu da suka shafi harshe.

Asara ta farko a suna take. Sunan tarzomar Aba ya ɓoye abubuwa uku. Da farko ya kawar da mata gaba ɗaya, kamar yadda Van Allen (1976) ta nuna, ta yadda mai karatu zai zaci maza ne suka yi. Wannan ya dace da zaton jami'ai da yawa na lokacin, waɗanda suka yi ta neman mazan da suka zuga matan. Na biyu, ya karkatar da wuri. Ba a Aba aka fara ba, ba kuma can aka fi zubar da jini ba. Aba ta yi fice ne domin gari ne na jirgin ƙasa da kantuna da banki, inda dukiyar Turawa ta taɓu. Na uku, kalmar tarzoma tana nufin taron da ba shi da tsari ko shugabanci ko hujja, kuma taron da aka yi wa wannan laƙabi an riga an halatta murƙushe shi.

Ita kuwa kalmar ogu tana da faɗi. Igbo yana da wata kalmar, agha, wadda ta fi dacewa da yaƙin zubar da jini tsakanin abokan gaba. Ogu ta haɗa har da faɗan da yake da iyaka da ƙa'ida, irin wanda ake yi tsakanin waɗanda suka san za su ci gaba da zama tare. Kusan irin bambancin da ke tsakanin yaƙi da faɗa ne a Hausa. Don haka ko fassarar da aka saba yi ta yaƙin mata ba ta ɗauko dukkan ma'anar ba, sai an haɗa ta da al'adar yi wa namiji yaƙi da aka yi bayani a baya.

Asara ta biyu a fassara take. Matan sun ba da shaida da harsunansu, tafinta ya juya, akawu ya rubuta da Ingilishi. Abin da ya iso ga mai bincike a yau shi ne Ingilishin tafinta. Karin magana da habaici da karin sauti duk sun zube a hanya. Waƙoƙin kuwa, waɗanda su ne ainihin takardar ƙarar matan, sun fi fitowa a rahotannin jami'ai a matsayin ihu da batsa da alamar fitar hankali. Wani abin lura shi ne, kalmar egwu idan aka sauya mata karin sauti tana nufin tsoro, kuma shaidar jami'an ta nuna cewa tsoro ne ya fi rinjaye a zukatansu lokacin da suka ga dubban mata da fuska baƙi ƙirin suna rawa.

Gyaran da ya biyo baya ma ya tafi a kan wannan fahimta. A 1933, zamanin Gwamna Donald Cameron, aka sauya tsarin sarakunan waranti da majalisun da suka fi kusa da al'ada, kuma a wasu wurare an sa mata a kotuna. Amma Van Allen ta lura cewa sabon tsarin ya haramta wa kowa ɗaukar hukunci a hannunsa, wanda hakan ya sa zama a kan namiji ya zama laifi. An gyara majalisun maza, an raunana na mata. A wannan tsakani ne aka tallafa wa wasu mata Turawa biyu su yi nazarin rayuwar Igbo. Ɗaya ita ce Sylvia Leith-Ross, wadda ta fara zama a Arewa har ta rubuta littafin nahawun Fulatanci, ta kuma fitar da littafinta a kan matan Igbo a 1939. Ɗayar ita ce M. M. Green, wadda nata ya fito a 1947, daga baya kuma ta yi fice a nazarin nahawun Igbo.

7.0 Yadda Al'umma ta Adana Nata Labarin

Duk da rinjayen takarda, labarin matan bai ɓace ba. Hanya ta farko da ya bi ita ce harshe. Muddin ana cewa Ogu Umunwanyi ko Ekong Iban, to ana faɗin su wa suka yi da kuma abin da suka yi, ko da yaro ya karanta wani suna dabam a makaranta.

Hanya ta biyu ita ce maimaitawa. Mba (1982) ta bi diddigin yunƙurin matan Kudancin Nijeriya daga 1900 zuwa 1965, ta nuna yadda matan Gabas suka sake fitowa a kan injinan matsar manja da suka yi barazana ga sana'arsu a ƙarshen shekarun 1940 da farkon na 1950, da kuma a kan kuɗin makaranta a 1958. A irin waɗannan fitowa an sake ganin waƙa da rawa da ganye da zaman dirshan. Yarinyar da ta bi uwarta ta koyi tsayuwa da amshi da ma'anar ganye ba tare da an buɗe mata littafi ba. Wannan shi ne adanawa a jiki da Connerton yake nufi.

Hanya ta uku ita ce tunanin iyali. Daga cikin waɗanda aka kashe a Opobo akwai Adiaha Edem, mahaifiyar Udo Udoma, wanda a lokacin yake ɗan shekara 12, daga baya ya zama Babban Jojin Uganda, kuma alƙali a Kotun Ƙoli ta Nijeriya. Irin wannan gida ba ya buƙatar rahoton kwamiti kafin ya san abin da ya faru. A Ikot Abasi akwai wurin tunawa da aka gina domin waɗannan mata.

Hanya ta huɗu ita ce ilimi da adabin zamani. Masana tarihi 'yan ƙasa sun koma ga tsofaffi sun haɗa bayanan baka da na takarda. A 1989 an yi taron ƙara wa juna sani na ƙasa domin cika shekara 60 da aukuwar abin. T. Obinkaram Echewa ya gina ƙagaggen labarinsa na 1992 a kan wata kaka da take ba jikanta labarin yaƙe-yaƙen mata, wato ya mayar da labarin bakin da ya fito.

Sai dai tunanin al'umma shi ma yana da nasa giɓi. Yawan kiran abin da sunansa na Igbo yakan sa a manta da matan Ibibio da Annang da Andoni da Ogoni da Opobo, alhali a yankinsu aka fi mutuwa. Haka kuma tarihin kishin ƙasa yakan taƙaita shi a matsayin boren haraji ko share fagen neman 'yancin kai, ya tsallake ƙorafin matan a kan mazan garuruwansu da suka zama sarakuna da akawuna da masinjojin kotu. Sunan da ya yaɗu a littattafan makaranta daga baya, wato tarzomar matan Aba, ya dawo da mata, amma ya bar sauran kurakuran biyu yadda suke.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa rawar matan 1929 hukuma ce mai tsari, wadda ta samo asali daga majalisun mata na Igbo da Ibibio, kuma rashin fahimtar wannan tsari ne ya haifar da harbi da farko, sannan ya haifar da gurguwar suna daga baya. An kuma ga cewa al'umma ta riƙe nata labarin ta hanyar suna da maimaita wasan da tunanin iyali da adabi.

Abin da ya rage aiki ne na manazarta harshe. Wadda take da shekara goma a 1929 ta haura ɗari a yau, saboda haka zamanin jin labari daga bakin ganau ya wuce. Abin da za a iya cimma shi ne waƙoƙin ƙungiyoyin mata da suke raye a yankunan Bende da Ngwa da Abak da Ikot Abasi, da abin da jikoki suka ji daga kakanninsu. Ya kamata a ɗauki waɗannan da sauti da hoto, a rubuta su da harsunansu na asali tare da alamun karin sauti, a adana kowane kauli da sunan garin da aka samo shi, sannan a kwatanta su da kundin shaidu na 1930 domin a gano abin da fassara ta zubar. Haka kuma masu rubuta littattafan tarihi da Hausa da Yarbanci da sauran harsunan ƙasa ya dace su fassara sunan daga Igbo da Ibibio kai tsaye, maimakon su bi ta Ingilishi su gaji kuskuren da ke cikinsa.